Ambulan Ɗin da Hye-rim Ta Mayar

Ranar wata Talata da ake zabga ruwan sama Ok Hye-rim ta faɗo shagon taliyar Uwar Dong-uk da ke bakin kasuwar Mangwon a birnin Seoul. Ba yunwa ce ta kawo ta ba, lemarta ce ta karye.

Babu wanda ya ko dube ta. Ƙarfe biyu ne na rana, lokacin maimaita wasan soyayyar nan da duk matan layin suka mace a kansa. Mai shagon tana tsaye gaban talabijin, ludayi a hannu, hawaye har haɓa.

Hye-rim kuwa, kallon irin waɗannan wasanni shi ne sana'arta. Wani kamfani take wa aiki mai sayen labaran ƙasashen maƙwabta ya sake shirya su, ita ce ke zama daga safe har yamma tana kallo, tana rubuta wanne ya yi kama da wanne. Shekara shida tana abu ɗaya. Ɗan mai kuɗi mai girman kai, yarinya talaka mai tsiwa, uwa mai mugun hali, sai motar da kullum take jiran jarumi a bakin titi. Sun fita ranta fit, kuma abin takaicin, bakinta ba ya iya shiru.

"Anti, kar ki ɓata hawayenki," ta ce. "Ba mutuwa zai yi ba. Zai manta da ita ne, ya tuno a kashi na sha huɗu. Wancan direban kuma shi ne ubansa."

Uwar Dong-uk ta juyo a hankali.

"Kin kalla ne?"

"Ban taɓa ganinsa ba. Amma na ga na Taiwan, na ga na Thailand, na Japan ma har biyu."

Wani saurayi da ke zaune a lungu cikin kayan aiki ya fashe da dariya har romo ya sarƙe shi. Pyo Dong-uk ke nan, ɗan mai shagon tilo, mai gyaran lif a manyan benaye. Uwarsa ta dangwara wa baƙuwar kwanon taliya, da gangan ta hana ta kimchi, kabejin nan mai yaji da ake haɗawa da taliya. Shi ya turo mata nasa a ɓoye.

Da za ta fita ya miƙo mata lemarsa.

"Kar ma ka fara," in ji ta. "Lema, sai lambar waya, sai ka ce mun taɓa haɗuwa muna yara. Na haddace."

"To ki jiƙe," ya ce, ya maida lemarsa bayan ƙofa.

Ta jiƙe sharkaf, kuma tana tafe tana murmushi har tashar jirgin ƙasa. Washegari ta dawo cin taliya.

Cikin wata uku an shaƙu. Bai taɓa fizgar hannunta ba, bai taɓa goya ta a baya ba, kuma da ta tambaye shi ko babansa marigayi ya bar wani ɓoyayyen kamfani, ya ce tsohon babur ya bari, shi ma ba ya tashi. A nan zuciyarta ta kwanta.

"Bokanyata," ya rubuto mata wata rana da tsakar rana, "duba mana, me zai faru da ni yau?"

"Za ka ci shinkafa a tsaye a bene na ashirin, ka yi kewata."

"Kin canka. Saura gobe."

"Gobe za ka fi yau kewata, Oppa masoyina. Koma aiki kafin mutane su maƙale."

Matsalar ita ce uwa. Duk abin da Hye-rim ta faɗa ranar farko sai da ya faru, har da direban, kuma kowanne ya tabbata sai matar ta ƙara tsanarta.

"Yarinyar da ta san ƙarshen komai, me za ta jira a gidan miji?" take cewa ɗanta. "Ga Eun-sil mai kemis nan maƙwabciyarmu, ladabi, ilimi, kuma in ana kuka tana taya mutane."

"Omma, kuka fa ba shi ne aure ba."

"Rufe min baki. Ni na haife ka ko kai ka haife ni?"

Dong-uk bai yi gardama ba, bai kuma ja da baya ba. Ya gaya wa Hye-rim gaskiya: ita yake so, amma ba zai yi aure uwarsa tana juya masa baya ba. Matar nan ita kaɗai ta raine shi da murza taliya. Hye-rim ta fahimta fiye da yadda ya zata, don ita ma kaka ce ta raine ta, kuma kakar ta rasu shekara biyu da suka wuce. Ba ta da kowa a Seoul sai kanta.

Shekara ta zagayo a haka. Sai wata Asabar Hye-rim ta hango Uwar Dong-uk da Eun-sil a unguwar Insadong, hannu cikin hannu, suna fitowa daga wani shago suna dariya. Bayan sati uku saƙo ya shigo wayarta daga lambar da ba ta taɓa kiranta ba.

"Uwar Dong-uk ce. Ki same ni gobe ƙarfe uku a gidan shayin otal ɗin da ke kusa da gada. Ki zo ke kaɗai. Kar ki gaya masa."

Gidan shayin otal. Ke kaɗai. Hye-rim ta aje wayar ta dafe kai. Wannan zaman ta kalle shi da harsuna biyar, ta san ko'ina ƙarshensa ɗaya.

Ta iso ta tarar da matar cikin kwat ɗin da take sawa zuwa biki kaɗai, ta yi gyaran gashi, ga kofin ruwa cike a gabanta. Abu na farko da Hye-rim ta yi shi ne ta janye kofin zuwa nata gefen, kar a watsa mata ruwan a fuska kamar yadda ake yi a wasannin. Matar ta bi kofin da kallo. Sannan ta buɗe jaka, ta zaro doguwar farar ambulan, ta turo ta kan tebur da hannu biyu.

"Karɓi wannan. Na daɗe ina tunani, na ga—"

Hye-rim ta miƙe tsaye. Kuma da ma ta tsara jawabinta tun a cikin jirgi, abin haushi ke nan.

"Omonim," ta kira ta da sunan girmamawar da ake kiran uwar miji da shi, "ban san nawa ne a ciki ba, ba na kuma son sani. Ni ba ta sayarwa ba ce. Ki ba wadda kika zaɓa masa."

Ta sa yatsa biyu ta mayar da ambulan ɗin, ta rusuna, ta fice kanta a sama. Har tana yaba wa kanta a hanya cewa ko muryarta ba ta karye ba.

Mace mai sayar da taliya a bakin kasuwa, ina za ta samo kuɗin sallamar budurwa? Ko yaron goye zai yi wannan tambayar. Ita mai digiri ba ta yi ba.

Ƙarfe biyar saƙon Dong-uk ya shigo, babu Bokanyata, babu komai.

"Hye-rim, me kika yi? Takardar saju ɗina ce a ciki, shekara da wata da rana da sa'ar haihuwata, wadda ake kai wa gidan amarya a sa ranar aure. Omma ce ta rubuta da hannunta da rubutun China irin na da. A aji shida na firamare ta bar makaranta. Sati uku Eun-sil tana koya mata, ta ɓata takarda ta fi talatin. Ta ce tunda ba ki da babban da zai karɓa, ita za ta kawo miki da kanta. Har ƙyallen ja da shuɗi na naɗe ta ta saya, kunya ta hana ta fito da shi a gaban mutane. Kin san ma'anar mayar da ita."

Ta sani. Kowa ya sani. Gidan da ya mayar da takardar saju ya ce ba ya son ɗan mutane ke nan.

Ta kira shi sau tara bai ɗaga ba. A na goma ya ɗaga.

"Oppa, na ɗauka kuɗi ne."

"Kuɗi? Omma? Matar da take wanke leda ta shanya?"

"Ta ce in zo otal ni kaɗai, ga kofin ruwa, ga ambulan..."

"Ƙishirwa take ji! Ta dawo gida ta rufe shago tun da sauran rana, abin da ba ta yi ba ko ranar da aka cire mata haƙori. Ina son ki, Hye-rim, amma yau ba na son jin muryarki."

Kwana huɗu ba ta iya aiki ba. Duk wasan da ta kunna sai ta ga wata uwa tana turo ambulan, sai ta kashe ta kifa kai a tebur. A rana ta biyar ta sayi kwandon lemo, ta nufi Mangwon da safe kafin a buɗe shago.

Ta tarar da uwa tana murza ƙullu, ɗa yana sauke kujeru. Ta aje kwandon, ta zube gwiwa biyu a ƙasa.

"Tashi!" matar ta daka mata tsawa. "Durƙuso kuma? Shi ma a talabijin kika gano shi. Saura ki suma a kira motar asibiti."

"Omonim, ki yafe min. Wauta ce."

"Wauta ce mana. Shekara guda kina min kallon tsohuwar da wasa ya ɓata wa kai. To ni ina kallo, in yi kukana, in share hawaye, in koma murza taliya. Na san ƙarya ne. Ke da kike raina su, ke ce kika yarda da su. Kika dube ni, kika ga muguwar uwar nan mai sarƙar lu'ulu'u. Dubi hannuna. Ya yi kama da nata?"

Hye-rim ta dubi hannun, duk gari, yatsun sun kumbura a gaɓoɓi. Kuka ya ƙwace mata, irin mai majina wanda ba a nunawa a talabijin.

"A'a, ashe tana da hawaye," in ji matar. Ta goge hannu a rigar aikinta, ta shiga ciki, ta fito da ambulan ɗin, wannan karon a naɗe cikin ƙyallensa. Hye-rim ta miƙa hannu biyu, matar ta buge su.

"Ke? Ai ke kin riga kin mayar. Dama tun farko kuskurena ne. Ba a ba yarinya wannan takardar, babba ake ba."

"Ba ni da babba, Omonim."

"Na sani. Dong-uk, zo nan. Riƙe."

Ta danƙa wa ɗanta takardar, ta zagaya teburin, ta ja kujera ta zauna kusa da Hye-rim, ta gyara zama ta haɗe fuska.

"To, samari. Ni ce uwar yarinya. Me ke tafe da kai?"

"Omma, me kike yi haka?"

"Wa ce ce Ommanka? Rusuna da kyau. Ɗan gidan wa ne kai? Kana shan taba? Na ji an ce kana watsar da safa a tsakar ɗaki, gaskiya ne? 'Yata ba ta da wayo, amma ba zan ba da ita ga ƙazami ba."

Sai da ta tsare shi minti ashirin yana zufa, ta sa ya yi alƙawarin wanke kwanuka ran Lahadi, sannan ta karɓi takardar da hannu biyu ta ɗora a cinyar Hye-rim. A ƙarƙashin tebur Dong-uk ya turo saƙo.

"Bokanyata, wannan kin hango shi?"

"Ko kusa. Ina son ka. Ka daina watsar da safa."

Aka sa rana a watan Oktoba. Zauren biki ya cika da 'yan kasuwar Mangwon, Eun-sil ce ta riƙe wa amarya jelar riga. Lokacin da iyaye mata za su shigo kunna kyandir, kowa ya zuba ido ya ga Uwar Dong-uk cikin shuɗin hanbok, tufafin gargajiya na uwar ango. Sai ga ta cikin ruwan hoda, launin uwar amarya. Ta kunna kyandir ɗin duka biyu ita kaɗai, ta wuce kujerar ɓangaren ango inda ƙanin mijinta ke zaune, ta je ta zauna a kujerar da kowa ya ɗauka za ta kasance babu kowa.

Da ango da amarya suka zo rusuna wa iyaye, Dong-uk ya sunkuyo ya yi raɗa.

"Omma, ni ne fa ɗanki."

"Kai ka samu shekara talatin da uku. Matsa, kana tare mata hanya."

Ta jawo Hye-rim ta rungume, hodar fuskarta duk ta dame da hawaye.

"Ku tsufa tare, ku ci abinci a tebur ɗaya, kar ɗayanku ya kwana da fushin ɗaya. Idan ya ɓata miki rai, ki tattara kayanki ki taho gida."

"Wane gida, Omonim?"

"Gidan uwarki mana, sakarya. Bakin kasuwa, ƙofa ta uku."