Ƙarafen Bangon Mabli

"Gethin! Me nake gani haka?"

Ko ledar cefanen ban ajiye ba. Mijina yana durƙushe a lungun da ya haɗa falo da kicin, sukundireba a hannu, ya riga ya kwance ƙarafe biyu daga bango ya jera su reras a ƙasa, irin jerin da soja kaɗai ke yi wa kaya. Ƙarafen da Mabli take dafawa ne. 'Yarmu ke nan, shekararta shida. Bakwaini na haife ta, ƙafafunta suka zo a ƙage, kuma da ƙarafen nan take jan jiki daga kujera zuwa teburin cin abinci, tana haki tana dariya.

"Nerys, tsaya in yi miki bayani..."

"Ajiye abin nan tukuna!"

Ya ajiye, amma ya ƙi kallona.

"Mai duba gida zai zo. Kin san doka, yadda aka ba ka gida haka za ka mayar. Sai na toshe ramukan na yi fenti, shi kuma fenti yana son lokaci..."

Duk matar soja ta san ma'anar zuwan mai duba gida. Ba shayi yake zuwa sha ba. In kika gan shi yana shafa yatsa a bayan murhu yana neman maiƙo, to an tashe ku ke nan.

"Ina kuma?"

"Arewacin Scotland, ƙarshen bazara. Za su ƙara mini igiya, Ner. Zan zama saje."

"Tun yaushe ka sani?"

"An ɗan kwana biyu..."

"An ɗan kwana biyu! Wato har bangon gidan nan ya riga ni jin labari!"

Wannan ne tashi na uku tun haihuwar Mabli. Kowane gari muka sauka, sai asibiti su mayar da ita ƙarshen layi kamar yau aka haife ta. A nan Yorkshire ta Ingila sai da muka yi shekara guda da ɗoriya muna jira kafin a haɗa mu da Hazel, ma'aikaciyar asibiti mai gasa mata ƙafafu tana motsa su. Hazel ce ta fara tsayar da ita. Hazel ce ta ce in aka ɗore ba yankewa, yarinyar nan za ta taka da sanduna. In aka yanke kuwa, jijiyoyin su sake ƙagewa, a koma 'yar gidan jiya.

"Ka faɗa wa manyanku halin da take ciki?"

"Na faɗa. Sun ce ba yadda za su yi. Soja ba ya zaɓen inda za a kai shi, kin sani."

Amsar da ya ba ni ke nan a tashin farko, ita ce kuma ta biyu, ko wasali bai canza ba.

Muna cikin haka motar makaranta ta sauke Mabli. Na turo kekenta ciki, ta zame ƙasa kamar kullum, ta miƙa hannu za ta kama ƙarfe. Hannun ya sauka a kan bango fayau.

"Dadi, ina ƙarfena ya tafi?"

Ƙato guda, wanda ya je yaƙi ya dawo, ya sunkuya yana tattara ƙarafen. Ni kuwa tura ta kai bango.

A bariki akwai abin da mace ba ta yi. Ba ta tsallake mijinta ta je wurin manyansa. Wadda ta yi, sai an shekara ana yi da mijin a wurin shan giya, wai matarsa ce ke ɗaure masa takalmi. Na san da haka sarai. Washegari da safe na sa kwat ɗina, na ratsa ruwan sama ba lema, na nufi ofishin kula da iyalai.

Kyaftin Holroyd, jami'ar wurin, mace ce mai furfura da sanyin murya. Ban bari ta gama gaisuwa ba.

"Na zo in ga idon mutanen da ba su da imani ne! Sau uku mijina yana kawo muku kuka, sau uku kuna cewa ba yadda za ku yi! Yarinyar nan kayan sito ce da za ku riƙa jifa da ita gari-gari?"

Ta zuba mini shayi ta turo gabana.

"Yi haƙuri, uwargidan Kofur Bevan ko? Wace yarinya?"

"Wace yarinya kuma? Mabli mana!"

"Mun san yana da 'ya. Amma ba wanda ya taɓa gaya mana tana da wata larura."

Na ji kamar an kwara mini ruwan ƙanƙara.

"Da mun sani," ta ci gaba a hankali, "da an duba wurin da ba zai raba ta da masu kula da ita ba. Ƙarafen ma masu kula da gidajen bariki ne za su sa da kansu, ba mai cewa a cire. Akwai iyaye irinki da suke haɗuwa a ɗakin taron can duk Alhamis. Ba ki taɓa ji ba?"

Ban taɓa ji ba. Shekara da shekaru ina tsine wa mutanen nan a zuci, ashe maƙaryacin yana kwana a gefena, har ina dafa masa dankali.

Da yamma ya shigo yana cire hula. Na riga na kai Mabli gidan maƙwabta, don abin da ke bakina ba na kunnen yara ba ne.

"Kyaftin Holroyd tana gaishe ka."

Ya tsaya cak. Fuskarsa ta yi fari fat.

"Ofis kika je? Nerys, kin san abin da kika ja mini?"

"Abin da na ja maka? Kai, amma ba ka da kunya! Ka dube ni ido cikin ido sau uku ka shara mini ƙarya! Shi ya sa duk ranar bikin iyalai sai ka ce akwai sanyi, mu zauna a gida? Faɗi gaskiya, kunyarta kake ji!"

"Kada ki sake faɗin haka!"

Tunda nake da shi ban taɓa jin ya daka mini tsawa ba sai ranar.

"Kunyar Mabli? Ni? Yarinyar da zan iya ba ta ƙafafuna in zauna a keken?"

"To me ya hana ka buɗe baki?"

Ya zube a kan kujera.

"Akwai wani da muka yi aiki tare. Ya faɗa musu ɗansa ba shi da lafiya. Daga ranar kowa ya koma lallaɓa shi kamar ƙwai. Aka daina fita da shi, aka bar shi a sito yana lissafin barguna, sa'o'insa duk suka wuce shi. Ni babana soja ne, Ner. Abu ɗaya ya koya mini, kukan gida a ƙofar bariki ake ajiye shi. Na zaci zan iya ɗaukar kayan nan ni kaɗai..."

"Kai kaɗai? Wa ya gaya maka kai ka ɗauka? Mabli ce ta ɗauka! Ita ta yi shekara tana jan gwiwa a ƙasa tana jiran layi, kai kana goge takalmi yana ƙyalli! Da ƙafafunta ka sayi igiyar nan, Gethin!"

Maganar ta dake shi, na gani. Na so ta dake shi ɗin. Ina son mutumin nan tun ina 'yar shekara goma sha tara, kuma a ranar da za a ba ni shi a faranti da na cinye shi ɗanye.

"Saurara da kyau," na ce. "Ni da Mabli ba inda za mu je. In gidan nan za su karɓe, su karɓe, mu kama haya kusa da Hazel. Kai ka san inda dare ya yi maka."

Da gari ya waye ya sa kakinsa ya tafi wurin Manjo, shugabansu, da ƙafarsa. Daga baya na ji cewa a tsaye ya faɗi komai, har ƙaryar da ya yi mini bai rage ba.

Ya dawo idanunsa jawur.

"Ya yi mini tatas. Ya ce da na yi magana tun farko da ba a kai ga haka ba. Yanzu bakin alƙalami ya bushe, an riga an turo wanda zai maye gurbina. Amma gidan an bar muku. Mabli za ta ci gaba da Hazel."

"Kai fa?"

"Ni kaɗai zan tafi. Shekara biyu. In an samu hutu in leƙo."

Abin da na nema ke nan, na kuma samu. Sai dai ban ji daɗin komai ba, haushi ma ya ƙaru. Da bakinsa ya buɗe tun tuni, da yanzu muna tare mu uku.

Masu gidaje suka zo suka mayar da ƙarafen lungun, na fara zuwa taron Alhamis, ni da shi kuwa magana sai ta dole. Haka muka yi ta zaman doya da manja har jajibirin tafiyarsa.

Ranar, da lokacin wankan Mabli ya yi, ya sunkuya zai ɗauke ta. Banɗakinmu a sama yake, kuma tunda ta yi nauyi shi ke hawa da ita.

"Bari," na ce. "Nuna mini yadda kake yi."

Ya ɗago ya dube ni. Sai a lokacin ya gane, ni ma sai a lokacin abin ya sauko mini sosai.

"Durƙusa da gwiwa, kada ki lanƙwasa baya," ya ce. "Hannu ɗaya a ƙarƙashin cinyoyinta. Mabli, riƙe wuyan Mam da kyau... Yauwa. Jingina kafaɗarki da bango, masoyiyata. A hankali."

Na miƙe da ita. Kai, yarinyar nan ta yi nauyi! Yaushe ta girma haka ban sani ba? Na taka matakala ta farko, na taka ta biyu, ina jin tafin hannunsa a tsakiyar bayana. Muna kaiwa rabi sai na ji ya janye hannun.

"Kada ka sake ni, mugu!" na ce, hawaye na zubo mini.

"Dole in sake ki, Ner. Gobe ba na nan."

Na cije leɓe na ƙarasa hawa. Da na juyo, yana can ƙasa, hannuwansa biyu a buɗe a sama ko za mu faɗo, fuskarsa sharkaf da hawaye.

Mabli ta leƙo ta kan kafaɗata.

"Mam, me ya sa Dadi yake kuka? Ai ba mu faɗi ba."

"Ba mu faɗi ba, 'yar lelena," na ce. Sannan na dubi mijina. "To me kake jira a nan? Hawo ka wanke mata gashi, ni ban iya ba sai sabulu ya shiga idonta."

Ya hawo da gudu, yana tsallake matakala bibbiyu.