Farauta a Lambun Batsari

"Ɗan matso da wayar mana, Uzairu, kar barewar ta gudu!"

Muryar Zahra'u ce, har da wata lanƙwasa. Ni'ima ta ɗago daga kan kaskon awara, sai ta hango su can gindin darbejiya, kai kusa da kai, suna leƙen waya ɗaya...

Mai ya fantsalo mata a hannu, ko ji ba ta yi ba.

"Ke! Awarar za ki ƙona mini?" in ji Gwaggo Tasalla.

Tun da 'yan bindiga suka taso su daga Runka suka dawo Batsari, gidan da suka samu ba shi da zaure. Shi ya sa Malam, mahaifin Ni'ima, ya yarje wa Uzairu ya riƙa zuwa zance tsohon lambun shaƙatawa na bakin gari, inda Tasalla, ƙanwar Malam, ke tuya. A lokacin lambun kufai ne, lilo ya yi tsatsa, sai awaki. Su biyu ke hirarsu, Gwaggo na sa ido.

Sai ga wani wasan waya ya shigo gari. Taswirar garin yake nunawa, ya ɓoye namun daji a wurare, ba ka kama su sai ka taka da ƙafarka. Mafi yawansu kuwa a lambun suke. Kafin ka ce kwabo samari da 'yan mata sun cika shi, sun share ciyawa, sun gyara lilo. Cinikin Gwaggo ya buɗe.

Hirar Ni'ima ce ta mutu.

Da Uzairu ya ƙaraso yana murmushi, ko kallo bai ishe ta ba.

"Ni'imata, sannu da aiki."

"An gama kama barewar?"

"Haba sanyin idona, 'yar ƙungiyarmu ce fa kawai..."

"Ni da ƙaramar wayata ai ba ni da ƙungiya. Koma, tana jiranka!"

Sai ya juya. Ya juya fa!

Zahra'u kuwa ba wasa kaɗai ya kawo ta lambun ba. Ita ta kitsa wa wata maƙwabciyar su Ni'ima cewa caca Uzairu yake yi a waya, magana ta yi ta tafiya har ta iske Malam a makarantarsa. Ya dawo gida ransa a ɓace.

"Ni'imatu, ke da kike wurin kullum, gaskiya ne?"

Ta san ƙarya ce. Amma dariyar Zahra'u ta dawo mata a kunne, sai ta sunkuyar da kai ta yi shiru.

Malam ya ɗauki shirun a matsayin amsa. Ya aika wa Uzairu cewa ya fita harkar ɗiyarsa.

Ni'ima ta zaci za ta ji sanyi. Ina! Kullum tana gaban kasko tana kallon Zahra'u na yi masa shawagi da sabon mayafi, kuma yanzu ba ta da bakin magana. Abinci ya daina shiga. Ta rame.

Wata la'asar Uzairu ya zo ya durƙusa gaban Gwaggo, idanunsa jajur.

"Gwaggo, a ba ni izini in faɗi magana ɗaya."

"Faɗi, ɗan nan."

Ya dubi Ni'ima.

"Kin san tun ina ƙarami a bayan shanu na tashi. Ranar da aka kore garkenmu, ƙafata ba ta san an kore su ba. Gari na wayewa take neman tafiya, in rasa inda zan nufa. Daji ya gagara. Wasan nan ne ya ba ni abin bi, ko na ƙarya ne..."

Ya sunkuyar da kai.

"Na yi laifi da na bar wata ta zauna kusa da ni, har na ji daɗin yabonta. Amma caca, Ni'ima? Ke ma kin yarda?"

Hawaye suka ɓalle mata.

"Ban yarda ba... kishi ne ya rufe mini baki, Yaya Uzairu."

Ko kaskon ba ta sauke ba ta nufi gida. Ta zube gaban Malam ta faɗa masa komai, har da shirun da ta yi.

"Shirun da ya ɓata sunan bawan Allah, shi ma shaidar zur ne. Ki nemi gafara."

Washegari da kansa ya taka har lambun. Samari suka yi ta zubewa suna gaisuwa. Ya karɓi wayar Uzairu, ya sa aka nuna masa wasan daga farko har ƙarshe, ya tambayi wannan ya tambayi wancan. Babu ko ƙamshin caca. Maƙwabciyar kuma da aka matsa mata ta ambaci sunan Zahra'u. Tun kafin Malam ya waiwaya Zahra'u ta ja mayafinta ta sulale.

"Uzairu, ka yafe mana," in ji Malam. "Ka ce wa Baffanka ya zo mu tsayar da rana."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa har tsuntsaye suka watse.

Da damina ta ja baya aka ɗaura aure. Ranar da ƙafa ta ɗauke, Uzairu ya miƙo wa amaryarsa wayar.

"Goge wasan da hannunki, Ni'imata."

Ta karɓa, ta juya ta, ta harare shi ƙasa-ƙasa.

"A'a, koya mini za ka yi. Farauta ban hana ka ba, masoyi... amma daga yau ƙafarka ƙafata!"