Mai Gadin Shafin Sa'ida

A wani siber, shagon intanet, na Keita Sa'ida ta fara ganin Shafi'u, ranar da shara ta cika mata bulog. Shafin nata na labaran Tamaske ne, wanda 'yan ci-ranin Abijan ke buɗewa su ga wa ya haihu, wa ya rasu, ina ruwa ya sauka. Amma tallar caca da maganin ƙarfi ta binne gaisuwar mutane.

Shafi'u, mai gyaran ordinatar, wato kwamfuta, a wurin, ya ja kujera kusa da ita.

"Filogin za ni sa miki. Mai gadi ne, shi ka tare sharar tun bakin ƙohwa."

"Kai kuma wa ka tare ka?" ta tambaya tana murmushi.

Babu wanda ya tare shi. Kafin kaka ya san hanyar gidansu fiye da hanyar masallacin unguwarsu, kullum kuma da saƙonsa: "Sa'ina, yau na gyara ordinatar bakwai, amma zuciyata ta ƙi gyaruwa sai na gan ki."

Mahaifinta ya so ta auri Abdoulkadir, ɗan ƙanensa da ke Abijan, amma bai tilasta mata ba. Cewa kawai ya yi bai san asalin yaron siber ba.

Wata rana mai gadin ya haɗiye ta'aziyyar wani kawunta. Kawun ya yi fushi, ita kuma ta kashe filogin ɗin ba ta gaya wa kowa ba. Kwana biyu, saƙonni suka fara fitowa a shafin da sunan Shafi'u, yana alfahari wai ya kai ta ɗaki a Madaoua. Duk Abijan ta karanta kafin ita ta gani.

Yayanta Ɗan'azumi bai tambayi kowa ba. A tsakiyar kasuwar Tamaske ya tarar da Shafi'u, ya sauke masa ƙotar gatari a kafaɗa. Shafi'u ya faɗi cikin albasa. Ɗan'azumi ya take hannunsa na dama, ya yi ta dukan yatsun har ƙashi ya ba da ƙara, sannan ya farfasa wayarsa da dutse. Sai da mahauta huɗu suka riƙe shi.

Sa'ida ta ga jinin a ƙasa, ta ji kamar ita aka buga, don ta san da hannunta ta buɗe ƙofar.

Washegari wani saƙon ya sake fitowa, da sunan mutumin da ke kwance a likita, ba waya, ba yatsu. Sa'ida ta sake kunna filogin. Ya jera mata saƙonnin, kowane da lambar inda ya fito. Lamba ɗaya ce da wadda Abdoulkadir ya yi mata barka da sallah da ita a shafin.

Ta durƙusa gaban mahaifinta, Ɗan'azumi na tsaye, ta miƙa wa tsohon wayarta, ta nuna masa saƙon da lambar Abdoulkadir.

"Baba, diba awa. Wanga saƙo yau da sahe anka rubuta shi. Da wane hannu Shafi'u yar rubuta?"

Tsohon ya duba wayar. Ya kira Abijan, ya yi tambaya ɗaya. Abdoulkadir ya kashe waya.

"Ɗauko babur," ya ce wa ɗansa. "Kai ka kai ni Keita, kuma kai ka magana."

A bakin gadon Shafi'u a likita, Ɗan'azumi ya kasa haɗa ido da kowa. Jandarma sun zo, Shafi'u ya ce musu shi bai kai ƙara ba. Da aka bar shi da Sa'ida ta fashe da kuka.

"Ni nik kashe mai gadin. Laihina ne."

"Bari kuka, Sa'ina. Hagun ta isa in riƙe ki."

Bayan girbin gero aka sa rana. Yatsu biyu na Shafi'u ba su sake lanƙwasuwa ba, ya bar kwance ordinatar sai dai ya nuna a kwance. Safiyar ɗaurin aure ya tsaya yana fama da maɓallan rigarsa, abokai na jira a waje. Sai Ɗan'azumi ya shigo ba sallama, ya ɓalla masa su ɗaya bayan ɗaya, hawaye na ɗiga a kan shaddar.

"Ya isa, yaya," in ji Shafi'u. "Kak ka jiƙa min rigar aure."

Aka shafa fatiha, mahaifin Sa'ida ya riƙe hannun nan na Shafi'u da aka karya da hannuwansa biyu, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari. Duk zauren ya amsa da amin.