Muciyar Inna

A wani gari, can da daɗewa, wata tsohuwa ta rasu ta bar 'ya'ya mata biyu. Babbar ta kwashe tasoshi da zannuwa, ƙaramar ta ɗauki tsohuwar muciya kaɗai.

Duk wadda ta zo gaisuwa sai ta ce, "Allah sarki, muciyar Inna!" Tasoshi kuwa ko kallo. Abin ya tsaya wa babbar a rai. Ta kwana da shi, ta tashi da shi.

Ran nan ta faɗo gidan ƙanwarta da gatari. "Ke kaɗai Inna ta haifa? A raba muciyar nan biyu!"

"Haba Yaya, kada ki sare ta. Ɗauke ta duka."

Ta fizge muciya, sai ta ji mariƙinta ya lotsa wuri biyu saboda yawan tuƙi.

"Wannan gurbin hannun Inna ne. Na ƙasan fa?"

"Nawa ne, Yaya, tun da ciwo ya kwantar da ita."

Babbar ta juya muciya, ta sake juyawa, tana neman nata gurbin. Babu. Ta yar da gatari, ta ce, "Hura wuta. Yau ni zan tuƙa."