Awon Da Ya Ɓace Daga Wayar Umma

A ajin su Huraira babu wanda bai gaji da musun waya ba. Ita da ƙawarta Safiyyah ne suka ɗauko shi tun farkon zango, suka ƙi ajiyewa.

Huraira 'yar Gyaɗi-Gyaɗi ce, shekarunta goma sha biyu. Android take goyon baya, don irinta ce a hannun Ummanta. Safiyyah kuwa daga Tarauni take zuwa. Yayarta tana da iPhone, saboda haka ita ba ta ji ba ta gani, sai iPhone.

Abin haushin shi ne duk su biyun babu mai waya. Ko caja babu mai ita.

Ana nan sai aka fara raɗe-raɗin cewa kowane ɓangare zai fitar da sabuwar waya kwanan nan. Nan fa abin ya yi ƙamari. A hanya musu, wajen cin abinci musu, har cikin darasi ba su bari ba.

"Tamu da za ta fito, ko a duhu kika ɗauki hoto sai ya fito tar," in ji Safiyyah.

"Tamu kuma ninke ta ake yi a sa a aljihu," in ji Huraira. "Taku ta iya?"

"Wa yake son wayar da ake ninkewa? Sai ka ce tabarma."

Malam Ɗahiru, malamin lissafi, ya ajiye alli ya juyo.

"Ku biyun nan, ku miƙe. Wace ce mai waya a cikinku?"

Suka miƙe suna kallon juna.

"Wace ce ta taɓa ganin sabuwar da idonta?"

"Ai ba ta fito ba tukuna, Malam," in ji Huraira.

"Ba ta fito ba, ba taku ba ce, amma ta hana ku jin darasi. Wannan wace irin wahala ce? Ku fito ku yi mini lissafin nan a allo."

Suka fito suka tsaya suna kallon allo. Babu wadda ta iya. 'Yan aji suka yi ta dariya.

Kana tsammanin wannan zai ishe su? Ina. Ana tashi daga makaranta Safiyyah ta ce, "Ke dai baki kawai gare ki. In da gaske kike, ki kawo hujja."

"Zan nuna miki da idonki," in ji Huraira. "Ranar da za ku zo gidanmu karɓar ɗinki, ki shirya jin kunya."

Umman Huraira tela ce, a gida take ɗinki. Kuma ita aka ba wa ɗinkin ankon bikin yayar Safiyyah. Atamfa ce ruwan goro, ta mata shida, duk iyayen amarya ne. Ranar Asabar za a yi bikin.

Umma tana da yadda take aikinta. Ba ta rubuta awo a littafi. Idan mace ta zo, sai ta danna wajen ɗaukar murya a wayarta, tana aunawa tana faɗa. "Hajiya Uwani. Kafaɗa sha bakwai, hannu ashirin da biyu, tsawon riga ashirin da shida." Haka har ta gama. Ranar da za ta yanka, sai ta kunna ta saurara. Awon matan nan shida duk yana cikin wayar, kuma babu shi a wani wuri.

Ranar Litinin da la'asar, Umma tana girki, Huraira ta matso.

"Umma, ki ara mini wayarki zan duba aikin makaranta."

"Ɗauka. Kada ki taɓa mini komai."

Huraira ba ta duba wani aikin makaranta ba. Wani dogon bidiyo ta nemo, na wani mutum da yake kwatanta wayoyin da za su fito. Ta ce a ranta, wannan shi ne maganin Safiyyah. Ta danna don ta sauke shi ta ajiye.

Wayar ta nuna cewa babu sauran wuri.

Huraira ta yi tsaki. Ta shiga neman abin da za ta goge. Ta tarar da muryoyin da aka ɗauka, reras a jere. Ta kunna guda ɗaya, ta ji hayaniya da ƙarar keken ɗinki. Ko minti ɗaya ba ta saurara ba.

"Tarkace," in ji ta.

Ta goge su duka. Da wurin bai isa ba, ta shiga kwandon sharar wayar ta share shi tas. Bidiyo ya sauka. Ta mayar da wayar tana murmushi, a ganinta ta yi dabara.

Washegari da safe Umma ta shimfiɗa atamfa a kan tebur. Ta ɗauko alli da almakashi. Ta buɗe waya, ta duba sama, ta duba ƙasa.

"Innalillahi. Ina awona?"

Sai a lokacin Huraira ta gane abin da ta goge.

"Huraira, da kika ɗauki wayar nan jiya, kin ga wani abu?"

"A'a, Umma. Ban ga komai ba."

Ta ɗauki jakarta ta fice da sauri. Ranar nan ko sau ɗaya ba ta yi musu ba. Safiyyah ta tsokane ta har sau uku, ba ta tanka ba.

Da ta dawo gida, ta tarar da atamfar yadda ta bar ta. Ko gefe ba a yanka ba. Umma tana zaune ta yi tagumi, abincin rana ma ba ta ci ba.

"Umma, me zai hana ki kira matan su dawo ki sake auna su?"

"In ce musu me? Tela ta ɓatar da awo, saura kwana huɗu biki? Gobe wa zai ƙara kawo mini ɗinki a unguwar nan? Wannan waya ta ci amanata. Sa hijabinki ki raka ni Farm Centre, ko mai gyara zai dawo da su."

Suka hau adaidaita sahu. Huraira ta so ƙasa ta tsage ta shige.

A kasuwar wayoyi suka je shagon wani mai gyara, Malam Bashir. Ya karɓi wayar, ya daɗe yana latsawa. Sannan ya girgiza kai.

"Hajiya, wayar nan lafiyarta ƙalau. Ba da kanta ta goge ba, hannu ne ya goge. Har kwandon ma an share. Ni kam ba zan iya dawo da su ba."

"Hannun wa? Ni ban taɓa ba."

"To ga wani ƙaton bidiyo da aka sauke jiya da la'asar. Na sababbin wayoyi ne. Ke kika sauke?"

Umma ta juyo a hankali ta kalli 'yarta. Huraira ta fashe da kuka.

"Ni ce, Umma. Na ɗauka tarkace ne. Ki yafe mini."

Ran Umma ya ɓaci sosai.

"Gogewar ba ta ƙona mini rai kamar ƙaryar ba," in ji ta. "Da kin faɗa tun da safe, da yanzu na auna mutum uku. Kin cinye mini yini guda. Dama an ce ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa. Saboda wayar da ba a ma fitar ba kika ɓata mini wadda muke cin abinci da ita?"

Huraira ta sunkuyar da kai.

"Share hawayenki. Gidan Hajiya Uwani za mu yanzu, kuma da bakinki za ki yi mata bayani."

Hajiya Uwani ita ce uwar amarya, wato mahaifiyar Safiyyah. Duk cikin hukuncin nan, wannan ne ya fi yi wa Huraira zafi.

Suka tarar da gidan a cike, ana ta shirin biki. Huraira ta durƙusa ta gaishe da Hajiya. Sannan ta faɗi abin da ta yi. Safiyyah tana tsaye a bakin ƙofa, ta ji komai.

Hajiya Uwani ta riƙe haɓa.

"Yaran nan za ku kashe mu da maganar waya. Ita ma wannan tun safe har dare ba ta da zance sai waya. Safiyyah, da ke ake wannan shirmen, ko?"

Safiyyah ta kalli ƙasa. Ba ta yi dariya ba.

Umma ta fito da tef ta auna Hajiya da ƙanwarta. Ta miƙa wa Huraira littafi da biro.

"Rubuta. Kuma ki karanta mini abin da kika rubuta."

Saura mata huɗu. Biyu suna Darmanawa, ɗaya tana Unguwa Uku. Waɗannan da sauƙi. Matsalar ita ce Gwaggo Ladi, yayar uban amarya. Tun da aka auna ta ta koma ƙauyensu can bayan Gaya, kuma sai ranar biki da safe za ta dawo.

Aka kira ta da wayar Umma, kiran bai shiga ba. Aka kira da wayar amarya, ita ma bai shiga ba. Garin nasu ba ko da yaushe ake samun sabis ba.

"Kun san halin Gwaggo," in ji Hajiya Uwani. "Idan kowa ya sa anko ban da ita, cewa za ta yi an ware ta. Sai ta shekara ba ta taka gidan nan ba."

Huraira ta ji kamar ta sake fashewa da kuka. Can sai ta tuna wani abu da ta sha gani a gida.

"Umma, ai wani lokaci idan mace ba ta samu zuwa ba, tsohuwar rigarta take aiko miki, ki auna a jikinta."

"Haka ne. To ina muka ga rigar Gwaggo?"

Safiyyah ta ɗago kai. "Akwai wadda ta bari a wanke mata. Ni na ninke ta, tana cikin durowar Mama."

Ta ruga ta ɗauko. Riga da siket ne, sun ɗan koɗe. Umma ta shimfiɗa su a kan tabarma, ta auna kafaɗa, ta auna hannu, ta auna tsawo. Huraira tana rubutawa, Safiyyah tana riƙe bakin tef.

"Allah Ya sa ba ta ƙara ƙiba ba tun da aka ɗinka wannan," in ji Umma. "Zan bar mata ɗan sarari a ciki."

Ranar Laraba, Huraira tana dawowa daga makaranta suka fita. Suka je Darmanawa, suka jira wata Hajiya ta dawo daga unguwa. Suka wuce Unguwa Uku cikin rana. A kowane gida sai an tambayi dalilin sake awo, kuma a kowane gida Huraira ce take ba da amsa. Kafin su dawo ƙafafunta sun yi tsami.

Alhamis da Juma'a keken Umma bai huta ba. Huraira ta karɓi girki da wanke-wanke. Ta yanke zare, ta sa maɓallai, ta yi guga har hannunta ya gaji. Bidiyon nan kuwa da kanta ta roƙi Umma ta goge shi. Ko kallonsa ba ta yi ba.

Ranar Asabar da hantsi suka kai ɗinki Tarauni. Mata biyar suka sa nasu, ya yi musu daidai. Saura Gwaggo Ladi, wadda saukarta ke nan daga mota.

Ta karɓi nata ta shiga ɗaki. Huraira ta tsaya a tsakar gida tana addu'a a ranta. Safiyyah ta zo ta tsaya kusa da ita, ta riƙe mata hannu.

Gwaggo ta fito. Ta ɗaga hannuwa sama, ta sauke. Ta zauna, ta miƙe. Ta juya ta kalli bayanta.

"Wannan tela ta iya awo," in ji ta. "Sau ɗaya ta auna ni, ga shi kamar a jikina aka ɗinka."

Hajiya Uwani ta kalli Umma, suka yi dariya. Huraira ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

A hanyar komawa gida Umma ta dafa kafaɗarta.

"Na yafe miki. Kin yi ɓarna, amma kin tsaya an gyara da ke. Me kika koya?"

"Ba zan ƙara goge abin da ba nawa ba sai na tambaya. Kuma in na yi laifi, zan faɗa da wuri."

"Saura ɗaya," in ji Umma. "Kada ɗokin abin da bai zo ba ya sa ki wulaƙanta wanda yake hannunki."

"Na ji, Umma."

"To taka da sauri. Akwai ɗinkin mutum biyu yana jiranmu, kuma ke za ki rubuta awon."