Takardar Kotu a Ƙarƙashin Kaza

A zamanin da Gyaɗi-Gyaɗi take ƙauye, gonaki tun daga bakinta har Tarauni, an yi wata yarinya 'yar aji biyu a makarantar elementare. Ita ce 'yar farin Malam Maje, shi ya sa ba ya kiran sunanta, sai dai ya ce "'yar boko". Tana son babanta ƙwarai da gaske.

Malam Maje manomi ne. Duk yankin an san shi da hali guda: idan aka kira shi, ko ana ruwa ko ana rana, sai ya je.

Wata Litinin da la'asar tana share ƙofar gida, sai ga masinjan kotu a kan keke. Ya tambayi maigidan, ta ce yana gona. Ya miƙa mata takarda mai hatimi, ya ce ta ba shi hannu da hannu, ya ja kekensa ya tafi.

Ta tsaya tana jujjuya takardar. Bara ma irin wannan takarda aka kai wa wani mutum a Tarauni a kan jakin sata, har yau bai dawo gida ba. Ta duba, ta gane kalmar "kotu" da sunan babanta. Sauran ba ta tsaya haɗawa ba.

Sai ta yi dabara irin tata. Ta ce a ranta, idan Baba bai ga takarda ba, ai ba zai je ba. Idan bai je ba kuwa, wa zai kama shi? Ta zaga bayan ɗaki, ta cusa takardar a akurki, ƙarƙashin kazar innarta mai kwanci. Wannan kaza ko akuya ba ta yarda ta gifta ta gabanta ba. Sai da ta sari yarinyar sau biyu a hannu, amma ta daure.

Kwana biyu ta kasa cin abincin kirki. Innarta, Saudatu, ta tambaye ta ko ba ta da lafiya ne, ta ce lafiyarta ƙalau.

Ranar Laraba bayan azahar masinja ya dawo, fuska a ɗaure. Ya tarar da Malam Maje a zaure tare da maƙwabta. A gabansu ya ce alƙali ya zauna jiransa tun safe, har ya ɗage zama zuwa gobe, kuma yana tambaya ko Malam Maje ya raina kotu ne.

Malam Maje ya ce shi bai ga takarda ba. Masinja ya ce shi kuwa da hannunsa ya ba 'yar maigidan.

Duk tana ji daga bayan ƙofa. Ba ta taɓa ganin babanta ya sunkuyar da kai a gaban mutane ba sai ranar. Abin ya yi mata zafi fiye da saran kaza. Ta fito tana hawaye, ta durƙusa.

"Baba, ni na ɓoye. Tsoro nake ji kada a ɗaure ka."

"Ina take?"

"Tana ƙarƙashin kazar Inna."

Wani maƙwabci ya yi ta tari don ya danne dariya. Ta je ta ɗauko takardar, da ɗuminta, har da kashin kaji a gefe. Malam Maje bai karɓa ba.

"Ke ce 'yar boko," in ji shi. "Karanta mana, daga farko har ƙarshe."

Ta karanta a hankali, tana tuntuɓe. Ashe ba ƙararsa aka kai ba. Wasu mutane biyu ne suke jayayya a kan iyakar gona a Darmanawa. Alƙali ya zaɓi dattijai uku da suka san gonakin, su zauna tare da shi su ba shi shawara, kuma Malam Maje na cikinsu. Girmamawa ce aka aiko masa, ita kuwa ta kai wa kaza ajiya.

Bai dake ta ba. Ya ce gobe tare za su tafi, ta faɗa wa alƙali da bakinta. Ai da bulala ce da ta fi mata sauƙi.

Da safe suka biya makaranta, malaminsu ya ba ta izini. Babanta ya goya ta a keke har kotu. Ta durƙusa a gaban alƙali, ta ce, "Allah ya gafarta Malam, laifina ne. Babana bai raina kotu ba." Ta faɗi komai, har saran kazar.

Alƙali ya yi dariya har rawaninsa ya motsa. Ya ce dama ya yi mamaki, don bai san Malam Maje da saɓa kira ba.

"'Yata," in ji shi, "ba mai laifi kaɗai ake kira kotu ba. Muna kiran mutanen kirki su taya mu gano gaskiya."

Aka shimfiɗa wa Malam Maje tabarma kusa da alƙali. Daga bakin ƙofa ta ga babanta yana bayani, yana cewa tun yana yaro wata tsohuwar aduwa ce ta raba gonakin nan biyu. Sauran dattijan suka gyaɗa kai. Kafin azahar an gama, masu gonar sun gaisa. Daɗi ya cika ta, ta ji kamar ta gaya wa kowa cewa wancan babanta ne.

Bayan mako guda kazar ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki tara. Malam Maje ya ce duk Kano babu kajin da suka san shari'a kamar waɗannan.

Tun daga ranar yarinyar ta koyi darasi. Saƙo amana ne, a kai wa mai shi yadda aka bayar. Abin da ya ba ka tsoro kuwa, kada ka ɓoye, ka tambayi manya. Duk takardar da aka ƙara kawowa gidan, kafin masinja ya hau kekensa, ta riga ta isa gona da gudu.