Ƙusoshi Bakwai a Cikin Tuffa

"Karɓi zobenka, Stanko."

Bai karɓa ba. Ya ajiye gudumarsa, ya goge hannu a jikin rigar fatar da yake aiki da ita, ya tsaya yana kallona kamar yau ya fara ganina.

"Senka... me na yi miki?"

"Ba ka yi komai ba. Na fasa ne kawai."

"Saura wata uku biki ki ce kin fasa kawai?"

"Na daina son ka," na ce. Ƙarya ce, kuma ni ban iya ƙarya ba, shi ya sa na faɗe ta ina kallon garwashin maƙerar.

"Kalle ni ki sake faɗa, rabin raina."

Ban kalle shi ba. Na dire zoben a kan teburinsa na fita. Tudun da ke tsakanin maƙerarsu da gidanmu, wanda nake hayewa a guje tun ina yarinya, ranar sai da na huta sau uku, zuciyata na bugawa har cikin kunne. Wannan bugun shi ne abin da na kasa gaya masa.

Ina da shekara goma sha ɗaya mahaifiyata ta fara ɗashewa. Da farko gajiya, sai haki, sai jiri. Kafin tuffar gonarmu ta nuna, sankarar jini ta ɗauke ta, ta bar ni a hannun mahaifiyarta, Kaka Rumenka. Na ga yadda jinyar ta cinye mahaifina, har ya tattara ya tafi Jamus bai sake waiwayo ba.

Yanzu ga ni da shekara ashirin da huɗu, madubi ya fara nuna min fuskarta. Leɓena ya yi fari, gashina na cika mataji, farcena na karyewa. Har wani kwaɗayin banza ya same ni, in tsinko ƙanƙarar da ke reto a bakin rufi in yi ta gurgura kamar alewa.

Asibiti kuwa na ce ko a mafarki. Ba ni da ƙarfin jin wannan sunan sau biyu a rayuwata. Sai a watan Nuwamba na tafi coci na kunna kyandir, na yi wa Allah alkawari: in ya tsare ni daga ciwon mahaifiyata, ba nama, ba ƙwai, ba madara har shekara ta zagayo. Aka gama azumin Kirsimeti kowa ya koma kan gasasshen nama, ni na zarce da wake da kabeji da burodi, ina korawa da baƙin kofi. Ina ƙara ramewa ina ƙara tsananta azumin. Stanko kuwa na sallame shi don kada ya zama mahaifina na biyu.

Abin da ban lissafa ba shi ne gudumarsa. Gidanmu a saman tudu yake, maƙerar a ƙasa, duk bugun da ya yi sai iska ta kawo min. Tun ƙarfe bakwai na safe zan ji ta. Na san bugun kofaton doki, na san na ƙyauren lambu, na san wanda yake yi in ransa a ɓace. Wata guda cur irin na ƙarshen nake ji. In tsaya a bakin taga da ƙwaryar wake a hannu, kewarsa ta taso min har in manta me na zo yi. Ina son mutumin nan, Allah ya sani, son da ko abinci ba ya bari ya wuce min.

Kaka ba ta tambaye ni dalili ba. Da na gaya mata na mayar da zobe, tsaki kawai ta ja.

"Kin kyauta. Maƙera ai sun yi yawa a garin, gobe ma wani zai faɗo daga sama."

"Kaka, don Allah..."

"Na yi shiru. Amma wannan fuskar taki mai kama da cukwi, ita ba zan yi shiru a kanta ba."

Da babban azumin Ista ya kama, wanda ba a cin nama a cikinsa, ta fara min maganin da uwarta ta yi mata. Kullum da yamma ta ɗauko tuffa mai tsami daga rumbu, ta soka mata ƙusoshi bakwai, ta ajiye a kan taga. Da safe ta zare su, ramukan sun yi baƙi-baƙi, ta tsaya a kaina sai na cinye.

"Ƙarfe jininki yake nema. Ci."

"Ɗanɗanon tsatsa gare ta."

"Da zuma na ce miki ce?"

Shekararta saba'in da takwas, kuma tun tana 'yar bakwai ba ta taɓa karya azumin Ista ba. Ko shekarar da take goyon mahaifiyata, ko shekarar da ta karye a ƙugu. Duk garin an san ta da wannan, ita ma tana taƙama da shi fiye da yadda take taƙama da gonarta.

Ranar wata Laraba a mako na huɗu na riga ta tashi, na ce bari in zare ƙusoshin da kaina. Na zaro ta farko, sai hannuna ya tsaya. Na ɗauka tsofaffin ƙusoshin marigayi kakana ne. Ashe sababbi ne fil, ƙirar hannu, kan kowace an buga shi sau huɗu ya fito kamar fure. Mutum ɗaya ne a duniya yake ɓata lokacinsa yana yi wa ƙusa ado. Muna 'yan shekara tara ya lanƙwasa min irinta ya ce zobe ne.

"Kaka, ina kika samo waɗannan?"

Ta ci gaba da hura murhu. "A inda ake samun ƙusa."

"Kin je wurinsa?"

"To wurin wa zan je? Na kanti duk an shafe su da wani abu mai ƙyalli, ya ce kada in kuskura in sa miki su a abinci. Duk Asabar yake ƙera bakwai, ya dafa su a ruwan zafi, ya kawo bakin shinge. Ya ce in kin sani ba za ki ci ba."

"Me kika gaya masa?"

"Me na sani da zan gaya masa? Shi yake tambayata. Ta ci? Ta yi barci? Har yanzu tana haki a tudu? Yaron ya rame ya zama kamar sanda, ke kina nan kina wasan 'yar ɓuya."

Raina ya ɓaci, ko in ce na sa wa abin suna ɓacin rai don in samu hujjar ganinsa. Na dunƙule ƙusoshin a hannu na gangara. Na iso ƙofar maƙerar, na buɗe baki zan ce wa ya aike ka, sai wutar ta rabu biyu a idona, ƙasa ta taso ta same ni.

Na farfaɗo a cikin tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya, an lulluɓe ni da rigarsa mai ƙaurin gawayi, muna kan hanyar asibitin birnin Valjevo.

"Juya, Stanko. Ba zan je ba."

"Za ki je."

"Ba ka da iko da ni, na mayar maka da..."

"Na sani. Ki kai ƙarata in mun dawo."

Sai kuka ya ƙwace min. "Ciwon Mama ne. Haka ta fara, komai da komai. Ba na so ka zauna a bakin gado kana kallona ina ƙarewa. Na ga abin da ya yi wa Baba..."

Ya gangara gefen titi ya kashe motar.

"Wato saboda wannan ne? Wata biyu ina bincikar kaina ina neman laifina..." Ya juyo, idonsa ya kaɗa. "Senka, in ma shi ne, wa ya ba ki izinin zaɓar min? Ni ba mahaifinki ba ne. In kwana goma ya rage miki, nawa ne, kuma kin riga kin cinye min sittin."

Aka ɗebi jinina, muka zauna a benci har azahar. Bai saki hannuna ba, ni ma ban ƙwace ba. Likitar wata dattijuwa ce mai tabarau, ta duba takardar, ta ja fatar idona ƙasa, ta tambaye ni yadda al'adata take zuwa da abin da nake ci. Da na lissafa mata sai ta cire tabarau.

"Tun Nuwamba? 'Yata, ba sankara gare ki ba. Ƙarancin jini ne. Sinadarin ƙarfen jikinki ya kusa ƙarewa, bitamin ɗinki ma sun yi ƙasa sosai. Kina zubar da jini da yawa duk wata, ba kya mayarwa, ga kofi a kan kowane abinci."

"Ba... ba shi ba ne?"

"Ba shi ba ne. Yau za mu sa miki ƙarin ruwa mai ƙarfe, da allura, sai ƙwayoyi na wasu watanni. Kuma ki koma cin nama da hanta da ƙwai, daga yau."

Stanko ya yi gyaran murya. "Likita, tuffa mai ƙusa fa?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Kakata ma ta yi min. Ku ci tuffar, ƙusar kuma a kafa ta a bango."

Na ɗauka shi ke nan, ashe da saura. A hanyar dawowa ya tsaya wurin mahauci ya sayi hantar maraƙi, ni kuwa tunanin alkawarina ya dawo min. Na roƙa, an ba ni. Allah ya cika nasa, ni ce zan saɓa nawa tun ranar farko?

"Ba zan ci ba," na ce da muka shiga gida. "Ƙwayoyin dai zan sha. Sauran sai Nuwamba."

"Senka, kin ji abin da likita ta ce."

"Na ji. Amma ba da likita na yi alkawari ba."

Ya kira Fada Lazar, firist ɗin cocinmu, a waya. Fada ya ce marar lafiya ba azumi a kansa, ya sauke min alkawarin, in ci da albarkarsa. Na ce na gode, amma cikina ya ƙi yarda. Gani nake ina kai loma baki, abin da aka ɗauke min zai dawo.

Kaka tana zaune tana jinmu, sai yanzu ta san komai. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta miƙe ta ɗauko kaskon da ta wanke ta kife tun farkon azumi, ta yanka albasa, ta soya hantar. Ƙamshin ya cika gidan da bai taɓa jin ƙamshin nama a wannan watan ba. Ta zuba a faranti ɗaya, ta ajiye cokula biyu, ta zauna a gabana.

"Da uwarki ta kwanta," ta ce, "na yi azumin da ban taɓa yi ba. Kwana uku-uku ba na sa komai a baki. Na ɗauka ciniki ake yi da Allah. Na binne ta da azumi a bakina, Senka."

"Kaka..."

"Bai karɓi ɗiyata don na gaza ba, kuma bai bar min ke don kin ƙi cin ƙwai ba. Shekara goma sha uku kafin in gane wannan."

Ta yi alamar gicciye, ta ɗauki cokali. Na riƙe hannunta da sauri.

"Kaka, shekara saba'in da ɗaya! Saura mako uku kawai!"

"Sakar min hannu. In laifi ne, a fara rubuta nawa."

Ta kai lomar bakinta. Tana taunawa hawaye na bin tamojin fuskarta, ba ta share ba. Ta haɗiye, ta turo min farantin.

"Gishiri ya yi kaɗan," ta ce. "Ci haka nan."

Na ci. Ina kuka ina ci, Stanko na tsaye a bakin ƙofa ya juya mana baya yana ta faman gyaran hular da ba abin da ya same ta.

Da na cinye ya matso ya durƙusa a gabana, ya zaro zoben daga wani zare da ke wuyansa. Ya zura min, zoben ya zame ya faɗo a cinyata, yatsan ya rame. Ya sake gwadawa, ya sake faɗowa.

"Kawo in rage shi gobe, abar ƙaunata."

"Kada ka taɓa shi," Kaka ta ce, tana kankare kaskon a farantina. "Ba a ɗaura aure sai bayan Ista. Ka bar zoben yadda yake, yatsan ne zai zo ya same shi."